Fizikal Kemistiri: Karatun Ma'auni da Lissafi

Da damina, ruwan da ake janyowa daga Kogin Kaduna zuwa matatar ruwa ta Malali, maƙwabciyar Badarawa, jajir yake da laka. Ko an bar shi ya kwana, ƙananan ƙwayoyin lakar ba sa kwanciya, domin duk cajin lantarki iri ɗaya gare su, sai ture juna suke yi. Da an zuba alif sai cajin ya mutu, su dunƙule su nutse. To, alif nawa za a zuba, kuma minti nawa za a jira? Amsa irin wannan tambaya shi ne aikin fizikal kemistiri, reshen kimiyyar sinadarai da ke auna zafi da kuzari da saurin haɗuwar abubuwa.

Ɗan Badarawa da ke sha'awar fannin zai fara ne da digirin kemistiri na shekara huɗu, ko a Jami'ar Jihar Kaduna da aka kafa a 2004, ko a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya wadda ta buɗe tun 1962. Sai a digiri na biyu ake keɓewa ga wannan reshe.

Ga inda gizo ke saƙar. Da yawa daga cikin ɗaliban kemistiri likitanci suka nema, makin JAMB bai kai ba, aka turo su nan. Suna zaton hadda za ta fisshe su, sai su ci karo da lissafi zalla: dokokin zafi, saurin sauyin sinadarai, halayyar ƙwayar zarra. Wanda ya yi wasa da lissafin ajin farko zai ji a jikinsa a aji uku. A ganina laifin har da na iyaye, masu kallon duk kwas ɗin da ba likitanci ba a matsayin maneji. Alhali kuwa Ahmed Zewail, ɗan Masar da ya ci kyautar Nobel a 1999, da wannan reshe ya ci ta, bayan ya yi amfani da hasken leza ya ga yadda sinadarai ke rabuwa da haɗuwa cikin lokacin da ƙiftawar ido ta fi shi tsawo nesa ba kusa ba.

Batun aiki kuwa, kada a ruɗi yara. Masaƙun Kakuri da suka ɗauki masana rini sun durƙushe. Matatar man Kaduna, da aka buɗe a 1980 don tace ganga 100,000 a kullum, ta daɗe tana fama. Amma akwai cibiyar binciken sinadarai ta NARICT a Basawa, da Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a Mando, da ɗakunan gwajin NAFDAC, da kamfanonin siminti da taki da magunguna, ga koyarwa. Yaɗuwar sola ma ta buɗe ƙofa, domin abin da ke kashe batir da wuri cikin zafin watan Afrilu tambaya ce ta wannan fanni.

Masu ɗaukar aiki a waɗannan wurare na'ura suke ɗora mutum a kai su ga hannunsa. Saboda haka watannin horon aiki na SIWES sun fi ƙarfin a je a sa hannu a littafi a dawo gida. Ɗalibi ya nemi wurin da za a bar shi ya yi gwaji da kansa, ya kuma koyi sarrafa alƙaluma a kwamfuta tun kafin ya je hidimar ƙasa.