BAYANI: Yadda allon taɓawa ya zama sauƙi ga wasu, tarnaƙi ga makafi

Duk matashin da ya taɓa buga PUBG Mobile ko Call of Duty: Mobile a waya ya san cewa maɓallin harbi ba shi da mazauni na dindindin. Mai wasa yakan shiga saiti ya ja shi hagu ko dama, ya ƙara masa girma, ya rage masa haske, har sai ya dace da yatsunsa. Wanda hannunsa ɗaya ya shanye ma yana iya tattara maɓallan da ya fi buƙata a gefe guda.

Hakan na yiwuwa ne domin babu maɓalli na zahiri a jikin gilashin. A ƙarƙashinsa akwai siririyar raga mai ɗauke da lantarki, wadda ido ba ya gani. Idan yatsa ya sauka, sai cajin wurin ya sauya, na'urar ta lissafa inda aka taɓa, manhaja kuma ta yanke abin da taɓawar ke nufi. Injiniyan Ingila E. A. Johnson ne ya wallafa bayanin wannan fasaha a 1965, yana aiki a cibiyar binciken rada da ke Malvern.

Ga makaho kuwa, gilashi sumul bango ne. Tsohuwar waya mai madannai tana da ɗan tudu a kan lamba 5, wanda yatsa ke lalubowa ya gane sauran lambobin. Allon taɓawa ya share wannan alama. Sai a 2009 kamfanin Apple ya sanya VoiceOver a iPhone 3GS: mutum ya zazzaga yatsa, murya ta karanta masa abin da ke ƙarƙashinsa, ya taɓa sau biyu ya zaɓa. Wayoyin Android suna da takwaransa, TalkBack. Daga 2014 kuma iPhone ta ba da damar mayar da allon gaba ɗaya wurin rubutun Braille mai ɗigo shida. Gilashin bai canza ba, tunanin masu tsara manhaja ne ya canza.

Inda matsalar ta fi ciwo a Najeriya shi ne wurin masu POS. Da yawa daga cikin sababbin na'urorin allo ne zalla, ba madannai. Makahon da ya zo cire kuɗi, idan na'urar ba ta magana, ba shi da mafita sai ya faɗa wa wani lambar sirrinsa, abin da bankuna da kansu ke gargaɗin kada a yi ko da wasa.

Tarayyar Turai ta mayar da batun doka: daga 28 ga Yunin 2025, sababbin na'urorin biyan kuɗi, ATM da injinan sayar da tikiti dole su zama masu amfanuwa ga masu buƙata ta musamman. A Najeriya, dokar hana nuna musu wariya da Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a Janairun 2019 ta fi mayar da hankali kan gine-gine, sufuri da kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati. Babban Bankin Najeriya, wanda ke ba kamfanonin biyan kuɗi lasisi, yana da ikon gindaya sharaɗin murya ko madannai a kan kowace na'urar da za a raba wa wakilai.