Masu fasahar birnin Yamai: da me suka ci, da me za su ci?

Duk wanda ya zagaya birnin Yamai zai tarar da sunayen masu fasaha a ƙofofin manyan gine-gine. Ga gidan raya al'adu na Umaru Ganda, ga gidan tarihi na ƙasa mai sunan Bubu Hama, ga cibiyar koyon kiɗa ta Alhaji Taya. Tun shekarar 2024 kuma, tsohon gidan al'adu na haɗin gwiwar Nijar da Faransa yana amsa sunan Mustafa Alasan. Baƙo zai ɗauka cewa a wannan birni marubuci da mawaƙi da ɗan wasa sun sami gata. Amma in aka bi tarihinsu ɗaya bayan ɗaya, za a ga kaɗan ne ƙwarai fasaharsu ta ciyar da iyalinsu. Galibinsu da wani aiki suka riƙe gida, fasahar kuwa sai da dare ko ranar hutu.

Alli da rana, alƙalami da dare

Marubutan farko kusan dukansu ma'aikatan gwamnati ne. Bubu Hama, wanda aka haifa a 1906, mushen lakwal ne kafin ya shiga siyasa, ya shugabanci majalisar dokoki har zuwa 1974, yana rubuta littattafai masu yawa kan tarihi da al'adun ƙasa. Ide Umaru, wanda littafinsa Gros plan ya ci babbar kyautar adabin Afirka a 1978, babban ma'aikaci ne, ya riƙe babban sakataren Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka daga 1985 zuwa 1989. Andire Salifu, ɗan Damagaram mai wasan kwaikwayon Tanimoune, malamin tarihi ne a jami'a, shi ne kuma ya jagoranci babban taron ƙasa na 1991. Albashi ne ya ba su sararin zama su yi rubutu.

To amma wanda ya jingina da bangon mulki, in bangon ya faɗi da shi zai faɗi. Da sojoji suka karɓi mulki a watan Afrilu na 1974, Bubu Hama ya tsinci kansa a tsare. Abdullahi Mamani kuwa, ɗan jam'iyyar Sawaba, ya sha gudun hijira, ya sha kurkuku. A birnin Paris aka buga littafinsa Sarraounia a 1980, labarin sarauniyar Lugu da ta tari rundunar Faransawa a 1899. Fim ɗin da Med Hondo ya yi da littafin a Burkina Faso aka ɗauke shi, ya ci babbar kyautar bikin silima na Wagadugu a 1987. Shi Mamani ya rasu a 1993 cikin hatsarin mota, yana kan hanyar Yamai domin karɓar kyautar adabi ta Bubu Hama.

Zamanin Samariya da telebijin

A zamanin Seyni Kunce, lokacin da kuɗin yuraniyom ke shigowa, gwamnati ta farfaɗo da Samariya, ta kafa bikin matasa na ƙasa inda jihohi ke gasar waƙa da rawa da wasan kwaikwayo. Nan ne wasan kwaikwayo na Hausa ya yi tashe. Yazi Dogo, shi ma mushen lakwal, ya yi suna tare da ƙungiyarsa a Damagaram kafin ya komo Yamai. Yadda irin waɗannan ƙungiyoyi ke aiki abin lura ne: ba a rubuta wasan baki da baki, ana dai shirya ƙashin labari, a raba wa kowa matsayinsa, sa'an nan kowane ɗan wasa ya zuba maganarsa daga kansa. Da haka suka riƙa yi wa ma'aikaci mai cin hanci da attajiri mai girman kai ba'a, jama'a na dariya, hukuma na kallo.

Radiyo da telebijin sun kai sunayensu kowane lungu, amma suna ba ya cika tukunya. Ƴan wasan malamai ne da akawuna da ƙananan ma'aikata, da safe kowa na bakin aikinsa. Masu silima ma ba su tsira ba. Umaru Ganda, tsohon sojan Faransa da ya yi dako a tashar jiragen ruwa ta Abijan, shi ne ya fara cin babbar kyautar Wagadugu a 1972 da fim ɗinsa Le Wazzou polygame, ya rasu a farkon 1981. Zalika Sule, wadda ta fara fitowa a fim ɗin Mustafa Alasan a 1966, ta sha zagi da tsangwama saboda mutane sun kasa rarrabe ta da matan da take kwaikwaya. Da harkar silima ta durƙushe, sai da ta tafi Amurka aikatau. Ta rasu a 2021.

Ƙofar baƙi

Da farashin yuraniyom ya faɗi a shekarun 1980, hannun gwamnati ya ɗaure. Ma'aikatan da suka ga shekarun 1990 ba su manta da watannin da aka yi ba albashi ba. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, littafin da aka buga a Faransa ya fi ƙarfin aljihun malamin da ya kamata ya saye shi. Gidajen silima kuma suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya.

Daga nan masu fasaha suka juya ga ƙofar baƙi. A wancan lokacin gidan al'adun Nijar da Faransa yana da ɗakin karatu da dandalin wasa, a Yamai da Damagaram. A cibiyar Alhaji Taya ne Yakuba Mumuni, gwanin sarewa, ya haɗa ƙungiyar Mamar Kassey a 1995, wadda ta kai kiɗan Nijar Turai. Mamman Barka, wani mushen kuma, wanda aka sani da gurmi, ya sami tallafin UNESCO a 2002 ya tafi bakin tafkin Cadi ya koyi biram, abin kiɗan Buduma mai tsirkiya 5, a wurin tsoho Bukar Tar, ya hana shi ɓacewa. Alfred Dogbe ya yi abin da kaɗan suka yi ƙarfin halin yi: ya ajiye alli ya rungumi rubutu da wasan kwaikwayo kaɗai, ya kafa ƙungiyar Arène Théâtre da bikin Émergences, har rasuwarsa a 2012.

Wannan ƙofa ta rayar da mutane da dama, amma tana da nata sharaɗi. Tallafi na da ranar ƙarewa. Mai ba da kuɗi kuma sau da yawa shi ke zaɓen magana, ya nemi wasan wayar da kai kan cuta ko kan karatun ƴaƴa mata, ko da marubucin na da wani labari a ransa. Bayan juyin mulkin watan Yuli na 2023 da ɓacin dangantaka da Faransa, ƙofar ta ƙara ƙuncewa.

Saura kasuwa

Abin da ya rage shi ne jama'ar gari, kuma ƴan kasuwar Maraɗi da Damagaram sun fi kowa sanin cewa Bahaushe na sayen fasaha. Tun ƙarshen shekarun 1980 marubutan Kano suka riƙa buga littattafan soyayya da kuɗinsu, suna miƙa wa ƴan kasuwa, daga baya finafinai suka bi wannan hanya. Kayan nan sun ƙetaro iyaka, an saye su a kasuwannin Nijar. Abin da marubucin Kano ya samu, ɗan'uwansa na Yamai ya rasa, shi ne mai ɗab'i da dillali da mai tebur waɗanda kowannensu ke da riba cikin littafin. A nan rijiya ta ba da ruwa, guga ne babu.

Doka tana nan. Tun shekarun 1990 Nijar ke da dokar haƙƙin mallakar fasaha da ofishin BNDA mai karɓar kuɗin masu fasaha daga wuraren da ke amfani da ayyukansu. Sai dai waƙa a yau daga salula zuwa salula take tafiya, ta WhatsApp ko ta katin waya, mai ita bai ga ko dala ba.

Gyaran ba ya bukatar jiran minista. Babban ma'aikacin da ke neman katin gayyata kyauta duk lokacin da aka shirya wasa, yana iya biyan jaka guda a ƙofa kamar kowa. Shugaban lakwal na iya sa littafin ɗan ƙasa cikin abin da ɗalibai za su karanta. Attajirin da ke liƙa wa maroƙi dubbai a daren biki, kwatankwacin wannan kuɗi zai buga ƙaramin littafin Hausa, ya ajiye shi a kantinsa ya sayar, ya ci riba, marubucin ma ya ci. Matasan da ke rubutu da waƙa da wasa a Yamai, Tawa, Maraɗi da Damagaram suna kallon yadda magabatansu suka ƙare, kuma da wannan lissafi ne kowannensu zai yanke ko ya ci gaba ko ya nemi wata sana'a.