Koren Shayi da Ƙurajen Fuska: Abin da Ya Tabbata da Abin da Aka Ƙara

A 'yan shekarun nan wata magana ta yaɗu tsakanin samari da 'yan mata, a bakin masu tallar magani da kuma a wayoyin hannu, wai koren shayi shi ne maganin ƙurajen fuska, duk wanda ya lizimci shansa ko shafa shi zai rabu da su har abada. Tun da yake maganar ta cuɗa gaskiya da ƙari a wuri guda, wajibi ne a warware ta daki-daki, a yanke wa kowane sashe hukunci gwargwadon ƙarfin hujjarsa.

Farkon abin da ya kamata mai karatu ya sani shi ne asalin lalurar. A gindin gashin da ke fatar ɗan Adam akwai wasu 'yan jakunkuna masu fitar da maiƙo, waɗanda idan yaro ko yarinya suka kai munzalin balaga sai su ƙara himma, maiƙon ya yawaita, ya haɗu da matacciyar fata ya toshe ƙofar gashin, wata ƙwayar cuta da ke zaune a fatar kowa ta sami wurin hayayyafa, daga nan kumburi ya biyo baya. Saboda haka duk abin da za a kira magani a wannan babi, lalle ne ya taɓa ɗaya daga cikin waɗannan sabubba.

Mas'ala ta farko, cewa shafa koren shayi yana rage ƙuraje, tana da madogara. Ganyen yana ɗauke da wani sinadari da masana ke taƙaita sunansa da EGCG, mai rage maiƙo da kwantar da kumburi. A shekarar 2009 wasu likitoci 'yan Masar sun ba da rahoton gwajin man shafawa mai kashi 2 cikin 100 na koren shayi a kan mutum 20 tsawon mako 6, suka ga ƙurajen sun ragu. A 2013 kuma aka buga wani bincike daga Koriya ta Kudu, inda aka shafa sinadarin tsawon mako 8, aka sami irin wannan fa'ida. Sai dai adalci ya hukunta a faɗi cewa waɗanda aka gwada kaɗan ne, kuma abin da aka shafa musu haɗi ne da aka auna, wanda ya sha bamban da ragowar ganyen da ke gindin buta.

Mas'ala ta biyu, cewa shan sa yana wanke jini har ƙuraje su gushe, hujjarta mai rauni ce ƙwarai, domin kuwa ƙurajen ba daga dattin jini suke tasowa ba. A Taiwan, a shekarar 2016, an ba wasu mata ƙwayoyin tataccen koren shayi tsawon mako 4, da aka ƙidaya jimlar ƙurajensu ba a sami wani bambanci na a-zo-a-gani tsakaninsu da waɗanda ba a ba ba. Haka kuma masanan da suka tattara gwaje-gwajen a 2021 suka rinjayar da cewa amfanin yana wajen shafawa, na sha kuwa ƙalilan ne.

A nan ne ya dace a ambaci atayar da ake dafawa a majalisu daga Agadas har Kano, wadda haƙiƙa koren shayi ce, galibi daga ƙasar Sin ake kawo ganyenta. Wanda ya riƙe ta magani ya manta da sukarin da ake zuba mata a kowane zagaye, alhali akwai bincike da ke nuna cewa abinci mai saurin ɗaga sukarin jini yana iya tsananta ƙuraje ga wasu mutane.

Mas'ala ta uku, cewa tun da ganye ne ba shi da illa ko nawa aka sha, kuskure ne da ya kamata a yi hattara da shi. Shayin da aka dafa aka sha bisa matsakaici ba abin tsoro ba ne, amma a 2018 hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta yi gargaɗi cewa ƙwayoyin tataccen koren shayi da ke ba mutum miligiram 800 na EGCG ko fiye a kowace rana suna iya taɓa hanta. Bayan haka, shayi a kan abinci yana rage wa jiki samun sinadarin ƙarfe, abin lura ne ga mai juna biyu da mai ƙarancin jini. Haɗa shi da lemun tsami a goga a fuska kuwa yana iya ƙona fata, ya bar baƙin tabon da ya fi ƙurjin daɗewa.

Mas'ala ta ƙarshe, cewa koren shayi ya wadatar ba sai an je asibiti ba, ɓatacciya ce. Magungunan da likitoci suka daɗe da tabbatar da amfaninsu, kamar benzoyl peroxide da adapalene, su ma sai an yi haƙurin mako 6 zuwa 12 kafin a ga tasirinsu, balle ganyen da bai kai su ƙarfin hujja ba. Wanda ƙurajensa manya ne masu zurfi da zafi, ko suka fara barin ramuka a fuska, ko suka fito bayan shafa man bilicin, jinkirinsa a kan shayi hasara ce, domin ramin da ya riga ya zauna yana da wuyar gyara.

Saboda haka, ya kai mai karatu, idan ƙurajenka ƙanana ne babu laifi ka gwada man da aka haɗa da koren shayi, bayan ka fara ɗana shi a ɗan wuri ka ga yadda fatarka ta karɓe shi. Ka wanke fuska sau biyu a yini, ka kame hannunka daga matsa su, in kuwa wata biyu suka wuce ba sauƙi, to ka nemi likitan fata. Allah ya ba mu lafiya mai amfani.