MADUGU DA SABUWAR HANYA

Abin karantawa: Ayyukan Manzanni sura 6, aya 1 zuwa 7, da sura 11, aya 19 zuwa 26.

  

Yau maganata da shugabannin ekklesiya take. Amma kai mai goro, da ke mai koko, kada ku kau da kunne, gama kafin in gama za ta iso kanku.

Kun san labarin fatake na dā. Ayari yakan tashi daga Kano da jakuna, an labta musu kanwa da tufafi da fatu, a yi wata biyu ko uku a hanya kafin a sauka Salaga ta ƙasar Gwanja, a sayo goro. Kowane ayari da madugunsa. Shi ya san rijiyoyi, shi ya san mashigin kogi, shi ya san sarkin da za a kai wa gaisuwa. Amma a shekara ta 1892 yaƙi ya ci Salaga, fatake suka watsu cikin waɗansu garuruwa. A 1911 kuma hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano, goro ya riƙa bin teku zuwa Ikko, daga can a ɗora shi a jirgi. Madugun da ya ce shi dai sai hanyar ubansa, ya zauna da jakunansa ba mai binsa. Goron kuwa yana nan yadda yake, mutane suna ci. Hanya ce kaɗai ta sake.

To, shugaban ekklesiya madugu ne. Kayan da aka danƙa masa Bishara ce, ba shi da iko shi taɓa ta. Amma hanyar da za ta bi ta kai ga mutane, wannan tilas shi riƙa duba ta kullum.

Ku dubi manzanni da kansu. A Urushalima gunaguni ya tashi, domin gwaurayen mata na masu jin Helenanci ba su samun rabonsu na abinci. Sha biyun nan ba su ce, mu ne muka ga Ubangiji, kowa shi yi shiru ba. Suka tara jama'a, suka ce a zaɓi mutum bakwai a sa su bisa aikin. Duba sunayen bakwai ɗin, za ka ga duka na Helenanci ne. Wato aka ɗauki aikin aka ba ɓangaren da ya yi kuka. Daga nan maganar Allah ta yaɗu.

Bayan an kashe Istifanus masu bi suka warwatsu. Waɗansu mutanen Kubrus da na Kurane suka iso Antakiya, suka soma yi wa Helenawa wa'azi, abin da ba a saba yi ba. Ba wanda ya aike su, littafi ma bai faɗi sunansu ba. Da labari ya kai Urushalima aka aiki Barnaba shi dubo. Da ya so, da ya ce wa ya ba ku izini? Amma ya ga alherin Allah, ya yi murna. Ya kuma gane aikin ya fi ƙarfinsa, sai ya tafi Tarsus ya ɗauko Shawulu, suka shekara suna koyarwa. A garin nan aka fara kiran masu bi Kirista.

A ƙasashenmu ma haka abin ya gudana. Wani yaro Bahaushe, Dorugu, wanda aka fanso daga bauta, shi ya zauna da Malam Schön a Ingila yana ba shi Hausa, har aka buga Bisharar Matta da harshenmu a 1857. A 1864 aka naɗa Samuel Ajayi Crowther bishop, shi ma dā bawa ne. A 1932 aka gama buga dukan Littafi Mai Tsarki da Hausa. A 1954 ekklesiyar ECWA ta tsaya da ƙafarta a Nijeriya, a 1976 kuma mishan ta danƙa mata ragamar aikin. Kowane mataki sai da wani babba ya yarda ya saki abin da ke hannunsa. Da ɗan gari akan ci gari.

Yanzu bari in tona asirin kaina. Ni katikis ne. Mabuɗin majami'a yana aljihuna, ni ke buga ƙararrawa, ni ke karatu, ni ke addu'a. Na sa lokacin sujadar yamma ƙarfe huɗu, domin haka na tarar ana yi. Ƙarfe huɗu kuwa kasuwa tana tsakiyar ci, wa zai bar rumfarsa? Wani tela mai bi ya zo ya roƙe ni in yarda shi riƙa karanta wa 'yan dako Littafi a rumfarsa da dare, bayan an tashi. Na hana shi, na ce bai yi makarantar aikin ba. Gaskiyar magana, tsoro nake ji kada a ce ya fi ni. Shekara guda ina yi wa benci wa'azi. Ran nan wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta ce mini, “Malam, ka taɓa ganin mai talla ya zauna a ɗaki yana jiran mai saye?” Kunya ta kama ni. Na tafi na roƙi telan nan gafara. Yau a rumfarsa ake karatu, ni ma nakan zauna bisa buhu in saurara, in ya kakare in taimake shi.

Saboda haka, ya ku fastoci da dattawa da katikis 'yan'uwana, ga abu uku.

Na fari, ku sa lokaci da wuri da harshe su dace da mutanen da kuke nema. Bulus ya sami Lidiya mai sayar da jan alharini a bakin kogi, ya kuma yi ɗinkin tanti tare da Akila da Biriskilla a Korinti. In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake.

Na biyu, ku raba aikin. Ku ba samari, ku ba mata, ku ba baƙon da ya iya harshen da ba ku iya ba. Ku koya musu, ku tsaya kusa, kada ku ƙwace in sun yi kuskure. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na uku, ku tsare abin da ba ya sakewa: Kristi ya mutu domin zunubanmu, ya tashi kuma. Kada a rage, kada a ƙara. Kada kuma a sayi kowa da kyauta, ko a zagi addinin maƙwabci. Musulmin da ke rumfa kusa da taka ɗan'uwanka ne na zaman tare, ka ba shi girmansa.

Kai kuwa ɗan kasuwa mai bi, ga taka. Mutanen da ke tsayawa gabanka ran kasuwa ɗaya sun fi waɗanda nake gani a majami'a cikin wata. Mudunka shi ne wa'azinka na fari. In ya cika, za a tambaye ka dalili, sa'an nan ka faɗa da tawali'u.

Mu yi addu'a. Ya Ubangiji, Makiyayi nagari, ka cire mana son girma. Ka ba shugabanninmu zuciya irin ta Barnaba, su ga alherinka a hannun wani su yi murna. Cikin sunan Yesu Kristi. Amin.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.