Manhaja Goma, Rijiya Ɗaya

A ranar 6 ga Mayu, 2020, masu wayar iPhone a ƙasashe da dama suka ga abin mamaki. Spotify ya ƙi buɗuwa, TikTok ya ƙi, Pinterest da Tinder ma haka. Kamfanoni ne daban-daban, amma kowannensu ya cusa wani guntun kod na Facebook a manhajarsa domin mutane su riƙa shiga da asusunsu na Facebook. Facebook ya sauya wani abu a ɓangarensa, guntun ya rikice, ya ja manhajojin suka faɗi tare. A watan Yuli na shekarar aka maimaita.

To me ya kai su ɗaukar kod ɗin wani? Abin da ke kai kowa ne. A ce matashi a Kano ya rubuta wa makaranta manhaja, ya rubuta wa kantin magani, ya rubuta wa 'yan adashi. Dukkansu suna buƙatar tantance lambar waya, ta Najeriya mai +234 ko ta Nijar mai +227. Suna buƙatar nuna kuɗi a naira, da akwatin bincike da zai gano cewa wanda ya buga "kasa" mai yiwuwa "ƙasa" yake nema, tunda yawancinmu ba ma sa haruffa masu lanƙwasa a waya. Hanya mafi sauƙi ita ce ya kwafo daga tsohon aiki ya liƙa a sabo. Ranar da ya gano kuskure, sai ya gyara a wuri ɗaya, ya manta da sauran biyun.

Maganin shi ne laburare: a ware wannan kod a ma'ajiya guda, a ba shi suna da lambar siga, kowace manhaja ta jawo shi daga can. Masu Android suna jawowa da Gradle, masu iPhone da Swift Package Manager ko CocoaPods. Lambar sigar, misali 2.4.1, ba ado ba ce. Ta ƙarshe gyaran kuskure take nufi, ta tsakiya ƙari ne da bai taɓa tsohon aiki ba, ta farko kuwa gargaɗi ce cewa abin da ke aiki jiya zai iya tsayawa yau. Wanda ya bar manhajarsa tana ɗauko sabuwar siga kai tsaye ba tare da gwaji ba, shi ya jawo wa kansa.

Laburare kamar rijiyar unguwa ce: kowa ya huta da haƙa, amma in ta gurɓace kowa ya sha. A watan Maris na 2016, Azer Koçulu ya janye wani kod mai layi 11 kacal, left-pad, daga rumbun npm, sai haɗa dubban ayyuka ya gagara har aka mayar da shi.

Akwai kuma burin rubuta kod ɗaya ya yi aiki a Android da iPhone. Facebook ya fitar da React Native a 2015, Google ya fitar da cikakken Flutter a 2018. Suna rage wahala ƙwarai, musamman ga wanda yake aiki shi kaɗai. Amma Airbnb ya bar React Native a 2018, Dropbox kuma ya bayyana a 2019 cewa haɗa wayoyin biyu da C++ ya fi masa tsada a kan rubuta kowanne daban.

A ganina, kada a yi gaggawar mayar da komai laburare. Abin da aka rubuta sau uku kuma bai cika sauyawa ba, shi ya cancanta, kuma dole a san mutum ɗaya da kulawarsa ke wuyansa. Kai kuma da ke biya a rubuta maka manhaja, ka nemi jerin laburaren da aka sa a ciki, ka tambayi wanda zai riƙa sabunta su bayan an miƙa maka aiki, a rubuta hakan a yarjejeniya kafin ka cika kuɗi.