Shawara Ga Mai Neman Katin Sadarwa Na Kwamfuta

Kwamfutar tafi-da-gidanka ba ta kama intanet haka kawai. A cikinta akwai wani ɗan kati, bai fi babban yatsa girma ba, shi ne ke magana da na'urar da ke rarraba Wi-Fi a gida ko a ofis. In ya lalace, ko kuwa ya tsufa, sai mai kwamfuta ya nufi kasuwa. To, a nan ne mutane da yawa kan yi hasarar kuɗinsu, domin sukan dubi lambar saurin da aka buga a kan kwali, su manta da gidan da katin zai zauna.

Abu na fari da muke so a duba shi ne kafar da ake soka katin. Tsofaffin kwamfutoci da yawa, irin na hannu da ake sayarwa a kasuwanninmu, kafarsu ita ce Mini PCIe. Daga wajen 2013 aka soma komawa ga M.2, wadda katinta ke da faɗin milimita 22, tsawo milimita 30. Katin wannan ba ya shiga kafar waccan, har bakin wayoyin eriyarsu ma ya bambanta. Wasu siraran kwamfutoci kuwa, an liƙe katinsu da darma, ba ya ciruwa.

Ko da kafa ta dace, sauran magana. A 2019 kamfanin Intel ya fito da katuna biyu, AX200 da AX201, girmansu ɗaya, saurinsu ɗaya. Amma fa kama da wane ba ta wane. AX200 cikakken kati ne, yana aiki a kwamfutoci iri iri. Shi kuwa AX201, wani sashe na aikinsa yana cikin injin Intel ɗin kwamfutar, saboda haka wanda ya sa shi a mai injin AMD ya yi aikin banza. Haka kuma akwai wasu tsofaffin kwamfutocin Lenovo da HP waɗanda ba su karɓar kowane kati sai wanda maƙerinsu ya yarda da shi.

Abu na biyu, a dubi na'urar rarrabawa, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙa'idar farko ta wannan sadarwa, ta 1997, megabit 2 kaɗai take kaiwa a daƙiƙa. Daga baya aka sami 802.11n a 2009, da 802.11ac a 2013, waɗanda a 2018 aka sauƙaƙa sunayensu zuwa Wi-Fi 4 da Wi-Fi 5, sa'an nan Wi-Fi 6 ya biyo baya. Sabon kati yana jin maganar tsohuwar na'ura, amma da tafiyar tsohuwar zai yi tafiya. Ban da wannan, zango biyu aka fi amfani da su: na gigahaz 2.4 ya fi ratsa bango amma cunkoso ya yi masa yawa, na gigahaz 5 ya fi sauri amma ba ya nisa. Mai hankali ya nemi katin da ke kama duka biyu.

Abu na uku shi ne 'yar manhajar da ke sa katin aiki, wadda masu gyara ke kira direba. A tabbata akwai ta ga Windows ko Linux ɗin da ke kan kwamfutar tun kafin a biya kuɗi. Wanda katinsa ba ya ciruwa kuwa, kada ya damu, akwai wanda ake sokawa ta waje a kafar USB. Sai dai a tuna, kafar USB 2.0 ba ta wuce megabit 480, kome saurin katin.

Shawararmu ita ce, kafin mutum ya fita gida, ya rubuta lambar ƙirar kwamfutarsa, da sunan tsohon katin, da irin na'urar rarrabawarsa. Ya miƙa wa mai kanti takardar, ya roƙa a gwada katin a gabansa. Matambayi dai ba ya ɓata.