Jarumi da Aljihunsa

Akwai irin jarumin da na gaji da gani a littattafan soyayya da finafinan Kannywood: ɗan wani Alhaji, ya dawo daga karatu a Ingila, motoci birjik a gida, in ya ga yarinya sai ya aika da akwatunan lefe ba tare da ya tambayi farashi ba. Ba a san inda kuɗin ke fitowa ba, ba kuma alamar za su ƙare. To, me zai sa gabana ya faɗi saboda shi?

Ban ga laifin marubutan sosai ba, mu muka saba yabon mai kashewa. Maroƙi bai taɓa wasa wani don ya iya ajiya ba. Wanda ya yi liƙi a fagen biki shi ke shan kirari, mai tattali kuwa a bi bayansa ana cewa marowaci. Ko Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, labarinsa da aka fi so a ji shi ne na raƙuma 20 da aka ce sun kai kuɗin azurfarsa bankin Turawa a Kano a 1929. Shekarun da ya yi yana fataucin goro daga ƙasar Gana ta yanzu, yana tara riba kaɗan-kaɗan, ba su da daɗin ji a bakin mai ba da labari.

Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ce ta nuna mini cewa ana iya juya abin. A littafinta Alhaki Kuykuyo Ne, na 1990, mai kashe kuɗin shi ne Alhaji Abdu, ɗan kasuwa mai rumfa, wanda ke ƙuntata wa gidansa yana kai wa wata mata mai suna Delu. Da ya auro ta, sai ya saki matarsa Rabi, ta fita da 'ya'ya tara. Rabi ba ta da takobi irin na Ganɗoki, ba ta kuma je neman ruwan Bagaja ba. Abinci ta kama sayarwa. Amma mai karatu yana bin ta da fargaba, domin ya san in cinikin yau ya ƙi, akwai yaron da zai kwana da yunwa. Da gobara ta cinye rumfar Alhaji Abdu sai aka ga wanda ke tsaye da ƙafarsa a gidan tun farko. 

Abin da ya raba marowaci da mai tattali a cikin labari guda ne: mai karatu ya san abin da ake tara kuɗin dominsa. Ke marubuciya, in jarumarki tana zubin adashi, faɗa mana nawa take zubawa, wace ce uwar adashin, yaushe kwasarta, kuma keken ɗinki take so ko kuɗin jarrabawar ɗanta. Nuna mana abin da ta haƙura da shi: ankon bikin ƙawarta da ba ta yi ba, da habaicin da ta sha a kansa.

Sannan kada a bar kuɗin su kwanta lafiya. Ajiyar da ba a taɓa ba ba ta bayyana halin kowa. Ranar da kwasa ta zo hannunta, ranar ce ya kamata a aiko cewa kishiyar da ta daɗe tana gallaza mata tana asibiti, likita ya ce sai an biya kafin a shiga da ita tiyata, maigida kuwa wayarsa a kashe. Ko ta kunce bakin zaninta ko ta ƙi, daga wannan shafin ba mai ajiye littafin.